Nonon Uwa: Haƙƙin Wa, Nauyin Wa?

Babu abin da ya kai shawara araha a gidan haihuwa. Duk wanda ya taɓa zama a wata unguwa ta cikin birnin Katsina, mu ɗauki Ƙofar Kwaya alal misali, ya san cewa daga ranar da aka ce wance ta sauka har ranar da za ta fita arba'in, ba za a rasa mai gaya mata yadda za ta yi da jaririnta ba. Ungozoma ta faɗi tata, kaka ta faɗi tata, uwar miji ta aiko da tata, maƙwabciyar da ta zo barka ma ba za ta tashi ba sai ta ajiye tata tare da sabulun da ta kawo. Ga ma'aikaciyar asibiti tun ranar awo, ga rediyo, ga malamar Islamiyya, ga kuma wayar hannu da ta shigo mana da nata malaman. Kowa ya ɗaga yatsa, kuma duk wuri guda ake nunawa, wato yarinyar nan da ke zaune a ƙuryar ɗaki da zane ɗaure a ƙirji.

Ita shawarar da masana lafiya suka tsaya a kanta ba ta da tsawo. A sa jariri a mama cikin sa'a guda da haihuwarsa. A bar shi ya sha dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. Kada a ba shi komai, ko da ruwa ne, sai nonon uwa zalla har wata 6. Daga nan a fara haɗa masa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. A kan wata 6 ɗin nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya tun shekarar 2001. Ba mu da ja a kan ko ɗaya daga ciki. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata tambaya ce da ba a cika yi ba: shin adalci ne a ɗora wa mutum umurnin da ba a ba shi ikon zartarwa ba, sannan in abin ya ɓaci a ce laifinsa ne?

Mu dubi wadda ake yi wa wa'azin. Sau da yawa yarinya ce da ba ta cika shekara 20 ba, haihuwar fari, an dawo da ita gidan iyayenta wanka. Al'ada ta riga ta ɗaure mata baki da kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗoki a kansa, in ya yi kuka a gaban mutane sai ta kau da kai har sai wata babba ta ce, "Ke, ɗauki yaron nan ki ba shi mama." Wannan yarinya ce aka zaunar a kan benci ranar awo aka gaya mata kada ta kuskura ta ba jariri ruwa. Ta ji, ta kuma yarda. To amma ta dawo gida, rana ta take, sai ga kakarta da ɗan cokali. In ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, a asibiti sun ce kada a ba shi," amsar da za ta samu mun san ta: "Su suka haifi uwarki? Mu da muka goya goma da ruwa, wanne ya mutu da shi?" Daga nan magana ta ƙare. Tun tana ƙarama an koya mata cewa gardama da babba rashin tarbiyya ne, mu ne kuma muka koya mata. Yau kuma mun dawo muna so ta yi wa babba gardama a kan abin da babban ya fi tinƙaho da saninsa. An sa ta tsakanin biyayya da amana, ba a kuma gaya mata wadda za ta saki ba.

Kafin mu ɗora wa tsohuwar laifi, ya kamata mu saurare ta, don kuwa hujjarta ba ta wauta ba ce. A ƙasar Hausa ruwa ake fara ba baƙo kafin a tambaye shi labari. Jariri baƙo ne, har ma da wannan sunan ake kiransa kafin ranar suna. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina kan kai maki 40, babba ma maƙogwaronsa bushewa yake yi. Tsohuwar da ta ga leɓen jikanta ya bushe ta ɗauko cokali, tausayi ne ya motsa ta, kuma a ganinta hana jariri ruwa mugunta ce irin wadda ko dabba ba a yi wa. Wanda ya ce mata jahila bai fahimce ta ba, kuma ba zai taɓa shawo kanta ba.

Sai dai tausayi daban, sanin yadda jiki ke aiki daban. Nonon uwa, kashi 87 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma ruwan da ya fi kowane tsabta, don bai bi ta rijiya ko jarkar ɗan ga-ruwa ko randa ba. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi 1 ko 2 ba. In aka cika shi da ruwa, an tare wurin abinci da abin da ba ya gina jiki. Sannan shi mama ba randa ba ne da ake ɗiba yana raguwa. Gwargwadon tsotson yaro, gwargwadon abin da jiki zai sake kawowa. Yaron da ya ƙoshi da ruwa zai rage tsotso, nono ya ja baya, uwa ta ce ba ya isarsa, a ƙara masa ruwa ko koko, nono ya ƙara ja baya. A haka ake shiga wata 3 da yaro mai gudawa da uwa mai kuka, kowa yana mamakin inda matsalar ta faro. Haka batun dakashi yake. An daɗe ana matse shi a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙe jariri da ruwan ɗumi ko nonon akuya har "nono mai kyau" ya zo. A wasu gidajen har gwaji ake yi, a tatsa a ɗan ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon mugu ne sai an wanke shi da magani. Alhali kuwa dakashin nan shi ne garkuwar farko da Allah ya tanadar wa jariri, cike yake da abubuwan da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, shi ne kuma ke taimaka masa fitar da baƙin kashin farko. Tururuwa kuwa, in dai a ruwa mai kauri aka jefa ta, nitsewa za ta yi, ko nonon wace ce.

Amma kada ɗan boko ya yi saurin ɗaga hanci. Tsofaffin nan su ne suka riƙe mana abubuwan da duniya ta yar, ta dawo tana nema da fitila. Su suka ce maijego ta huta kwana 40, a ɗauke mata daka da girki, a ciyar da ita ƙauri da kunu da tuwo mai zafi. Su suka ce yaro ya zauna a bayan uwarsa, ya kwana a gefenta, ya sha a duk lokacin da ya nema. Su suka riƙe shayarwa mai tsawo a zamanin da matan Turai da Amurka suka koma kwalba, ana kuma tallata mana kwalbar a matsayin wayewa. Wata likita 'yar asalin Jamaika, Dokta Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Gwalkwas, wato Gana ta yau, ta tsaya a Singafo a 1939 ta yi wata lacca mai zafi inda ta kwatanta tallar madarar gwangwani ga matalauta da kisan kai. Sai da aka shafe fiye da shekara 40, bayan jarirai masu yawa sun mutu da madarar da aka dama da gurɓataccen ruwa aka kuma tsinka ta don gwangwani ya daɗe, sannan ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar taƙaita tallar a 1981. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990. A duk tsawon wannan lokaci kakanninmu suna kan daidai, masu digiri da yawa suna kan kuskure. Saboda haka in yau mun ce sun yi kuskure a kan ruwa da dakashi, sai mu faɗa da ladabin wanda ya san ana bin sa bashi.

(Kunun kanwa da ruwan wanka mai tafasa wani zance ne. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙaro da talauci da ƙarancin wani sinadari a abinci. Ko ma dai yaya ne, a sassauta kanwa, a sirka ruwa.)

To, me addini ya ce? A nan ne abin ya fi ba mu mamaki, don ayar da kowa ke jawowa in za a yi wa mata wa'azin shayarwa, wato ta 233 a Suratul Baƙara, farkonta kawai ake karantawa a rufe littafi. Gaskiya ne ta buɗe da cewa uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara 2 cikakku ga mai son cika shayarwa. Amma nan take ta juya kan uba, ta ɗora masa ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali. Ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta hana a cutar da uba saboda ɗansa. Ta ce in uban ya mutu, nauyin ya koma kan magaji. Ta ce yaye kafin lokaci sai da yardar su biyun da shawara a tsakaninsu. Ta kuma buɗe ƙofar a nemi wata ta shayar, in dai za a biya ta haƙƙinta. Mai karatu ya ƙirga da kansa: jumla guda ce ta fuskanci uwa ita kaɗai, sauran duk maganar uba ce da dangi da dukiya da shawara. Mu kuwa mun ɗauki jumlar nan guda mun yi mata bulala, sauran mun bar su a kan rehal.

Littattafan da aka daɗe ana karantawa a zaurukan Katsina, birnin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ba su ɓoye wannan ba. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kusan kowane almajirin ilmi ya bi ta kanta, ta bayyana cewa matar da ke cikin aure ita ke shayar da ɗanta, sai in tana cikin irin matan da a al'adarsu ba sa shayarwa. Wadda aka saka kuwa tana da ikon ta shayar ta kuma karɓi lada daga uban yaron. Asalin wannan yana cikin aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ. A lura da kyau: shari'a ta ɗauki shayarwa aiki ne mai daraja da har ake iya yanka masa farashi. Mu tambayi kanmu, a cikin zawarawan da ke zaune gidajen iyayensu da goyo a baya, daga Ƙofar Kwaya har Ƙofar Marusa, nawa ne suka taɓa ganin ko sisin wannan lada? Galibi abin da ke biyo bayan takardar saki shi ne saƙon cewa in ta yaye a kawo yaron. Wani ma ba ya jiran yayen.

Haka sauƙin da aka yi wa mai shayarwa a watan azumi. A mazhabar Malikiyya, in ta ji tsoron cutuwar ɗanta, ba ta kuma sami wadda za ta shayar mata ba, ko yaron ya ƙi karɓar wata, tana da damar ta sha, ta rama daga baya, ta ciyar da mudun Annabi guda a madadin kowace rana. Sauƙin yana nan a rubuce. Amma yarinyar da ke zaune cikin kishiyoyi da facaloli, in aka gan ta da kofi da rana tsaka, kallon da za a yi mata ya ishe ta ta gwammace ta ɗaure, ko da jiri na ɗibarta, jaririn wata 2 yana jan mama babu komai. Allah ya sauƙaƙa, idon mutane ya tsananta. Wa ya kamata ya tsaya mata? Maigidan da kalmarsa guda, "Ki sha, ni na ce," za ta rufe bakin kowa.

Akwai masu kafa hujja da tahniki, wato sunnar tauna dabino a shafa a dasashin jariri, don su halatta ba shi ruwan rubutu da zuma da jiƙe-jiƙe. Tahniki shafawa ce ta sau ɗaya da ɗan abu kaɗan. Bai zama izinin ɗura wa jariri kofin ruwa kowace safiya ba. Zuma kuwa, duk da albarkarta, likitoci sun hana a ba yaron da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjin jariri bai iya kashewa. Addu'a dai ba ta buƙatar cokali. Tofi ya isa.

Wani wurin da al'ada ta tsananta fiye da addini shi ne kwanika, wato mace ta sami ciki tana goyo. Da zarar an gane, sai a cire yaro daga mama rana ɗaya, wai nonon mai ciki guba ne, a shafa maɗaci, a kai shi gidan kaka. Yaron wata 9 ko 10 da jiya yake da uwa da abinci, yau ya rasa duka biyun. Ciwon da Dokta Williams ta bayyana a Gwalkwas, wanda ta sa wa suna kwashiyoko a 1935, sunan daga harshen mutanen Ankara ta aro shi, ma'anarsa kuwa ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Ashe su ma sun san abin da muka sani. Abin da ba mu gane ba shi ne, ba nonon ne ke kashe yaron ba, rabuwa da shi ne babu abin da zai maye gurbinsa. Mai ciki mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, in dai tana cin abinci. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana kusantar mace mai shayarwa, sai ya tuna Rumawa da Farisawa suna yi kuma bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya fasa. Darasin da ke ciki ya wuce batun kwanika: a kan lamarin lafiyar jiki, an duba abin da gwaji ya nuna, ko da a wajen waɗanda ba Musulmi ba ne. Kuma in za a yi gori a kan kwanika, mace ake yi wa, kamar ita kaɗai ta yi cikin.

Yanzu mu zo ga tambayar da ta fi kowace nauyi: daga ina nono ke fitowa? Muna maganarsa kamar kyauta ce da ke sauka daga sama, har masu wayar da kai kan ce nonon uwa ba a sayensa. Ana sayensa mana, a kasuwa, da kuɗin gero da wake da man gyaɗa da ɗan nama, sai dai ta cikin uwa yake bi. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci kusan kwatankwacin ci guda a kowace rana. In ba ta samu ba, jikinta ba ya hana yaro nan da nan. Daga tsokarta da jininta da ƙashinta yake ɗiba ya ba shi. Wato uwa mai yunwa tana iya shayarwa, kuma ya kamata ta ci gaba, don babu abin da ya fi shi ga yaron, amma da ranta take biya. Ta rame, ta yi fari, haƙora su fara ciwo, a ce jego ne bai karɓe ta ba.

Ba tatsuniya muke yi ba. Ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières, wadda ta fara aikin tamowa a Jihar Katsina a 2021, har da cibiyar kwantar da yara a Ƙofar Sauri, ta bayyana cewa a wata 6 na farkon 2025 yara 652 ne suka mutu a cibiyoyinta na jihar. Amma adadin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na uwaye. A watan Yulin shekarar sun auna mata 750 da suka kawo 'ya'yansu, suka tarar fiye da rabinsu su kansu tamowa ke cin su, kashi 13 cikin 100 kuma mai tsanani. Da yawan irin waɗannan mata daga yankunan Jibiya da Batsari da Safana suke, inda 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu. A je a tsaya gaban irin wannan mata a karanta mata fa'idodin nono zalla. Ta san su. Abin da ba ta sani ba shi ne inda za ta sami abin da za ta sa a bakinta da daddare. Ko Halimatus Sa'adiyya, kamar yadda littattafan sira suka kawo, a shekarar fari ta zo Makka, ɗanta na kwana kuka don babu abin kirki a ƙirjinta, taguwarsu ma ba ta ɗigar da komai. Ba wanda ya ce Halima muguwar uwa ce. An ce shekarar ce ta yi tsanani.

A gidajen da ba su kai wannan hali ba kuma, matsalar ta tsarin fifiko ce. Magidanci zai ci bashi ya sayi ragon suna na nuna wa tsara, a yi anko, a kafa rumfa a tare hanya, a ɗauko mai kiɗa. Bayan mako 2 ƙauri ya ƙare, maijego ta koma kan kokon safe da tuwon dare kamar kowa, shi kuwa yana tsayawa wajen mai shayi ko mai tsire kafin ya shigo gida. Ragon suna sunna ne, ba mu ce a bari ba. Amma ciyar da mai shayarwa wajibi ne da nassi, kuma na wata 24 ne, ba na kwana 7 ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, daga kashi 17 a 2013. Ya kuma nuna kusan yara 6 cikin 10 a Jihar Katsina sun tsumbure. In aka karanta irin waɗannan alƙaluma a taron makon shayarwa da ake yi a farkon Agusta, mata ake tarawa a ɗakin taro. Mazan suna kasuwa.

Wani zai ce, to kun wanke mata ke nan, ba su da laifi ko kaɗan? Suna da nasu. Akwai wadda Allah ya hore mata komai, ga abinci ga mai aiki, amma ta yanke wa ɗanta mama a wata 3 don kada ƙirjinta ya zube, ta miƙa shi ga yarinyar gida da fida. Ko a nan ma sai mu tambayi wa take tsoron ya daina kallonta, da kuma wa ke yi mata barazanar amarya. Amma dai ita ce ta zaɓa, ita kuma za ta amsa. Akwai kuma kishiyar wannan: wadda ke so da zuciya ɗaya amma ciwo ya hana ta, ko nonon ya ƙi zuwa duk da ƙoƙari, ko wadda ta rasu a wajen haihuwa ta bar jinjiri. Ga irin waɗannan madarar gwangwani rahama ce in an sami ruwa mai tsabta da kuɗin saye, kuma zunubi ne a sa musu jin cewa sun gaza. A da, kafin gwangwani, ƙanwar uwa ko kishiya ko kaka ce kan ɗauki marayan ta sa a mama. Shari'a ta girmama wannan har ta mai da shi zumunta mai hana aure, kamar yadda aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta nuna, a wajen Malikiyya ma ko tsotso guda ne ya isa cikin yaron a cikin shekara 2. Wannan hanya ta yi rauni a yau, saboda tsoron cututtukan da ke bin nono irin su ƙanjamau da kuma tsoron rikicewar aure nan gaba. Duka biyun suna da magani: gwajin jini kafin a fara, da rubuta wa ya sha nonon wa a ajiye, a kuma sanar da dangi.

Saura hukuma. Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa, ma'aikatan tarayya mako 16, alhali ana ce mata ta shayar zalla wata 6. Jihar Legas a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun mai da na ma'aikatansu wata 6, abin a yaba ne. Amma yawancin matan Ƙofar Kwaya ba su da ofishin da zai ba su hutu. Mai awara da mai ƙuli-ƙuli da mai kitso da mai ɗinkin hula, ranar da ba su yi aiki ba ranar ba su da ciniki, kuma da cinikin nan ake cike giɓin cefane. Hutunsu yana hannun maigida, ruwansu da asibitinsu da tsaron gonar da gero ke fitowa suna hannun masu mulki.

Ibnu Sa'ad ya kawo wani labari a cikin Ɗabaƙat. Wani ayarin fatake ya sauka a Madina a zamanin Sayyidina Umar, sai shi da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Cikin dare Umar ya ji kukan yaro, ya je ya ce wa uwar ta ji tsoron Allah ta kula da ɗanta. Kukan ya sake tashi, ya sake komawa. A karo na uku ya yi mata faɗa sosai, har ya kira ta muguwar uwa. Ita kuwa ba ta san da wa take magana ba, ta ce ya dame ta. Yaye take son yi wa yaron yana ƙi, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Ya tambayi watannin yaron, ta faɗa, ya ce kada ta gaggauta. Da asuba ya ja salla, mutane ba sa gane karatunsa saboda kuka. Da ya sallame ya zargi kansa da mutuwar 'ya'yan Musulmi da bai san adadinsu ba, ya sa mai shela ya sanar cewa kada a ƙara gaggauta yaye, an yanka wa kowane jariri kasonsa tun daga ranar haihuwa. Ya kuma sa aka rubuta haka zuwa ga gwamnoninsa na sauran garuruwa.